Gidan da Ya Tare wa Malam Nomau Sabis

A wani gari da ake kira Ana-Kan-Gyara, sabis ɗin intanet bai taɓa ɗaukewa ba. Haka doka ta ce, kuma doka ba ta ƙarya. Idan kana hira da ɗan'uwanka ta bidiyo sai ka ga fuskarsa ta daskare baki buɗe, to ba sabis ne ya ɗauke ba, kai ne ka kauce. Majalisar garin, wadda ake kira Majalisar Mun-Ji-Mun-Gani, ta daɗe da gano cewa jar fitilar nan ta jikin rauta ita ke tayar wa talakawa hankali, don haka ta haramta ta. Rauta kuwa, ga wanda bai sani ba, ita ce ɗan akwatin nan mai ƙahoni da ke raba wa wayoyin gida intanet ta iska. Duk wadda ta shigo gari sai an ƙwaƙule mata jan ƙwai an sa kore. Da sabis da babu, kore kawai za ka gani, hankalinka kwance.

Babban bututun intanet ɗin kuwa ta gidan Mai Gari, Alhaji Kowa-Ya-Ƙoshi, yake bi kafin ya gangaro unguwanni. Gida ne mai albarkar jama'a, 'ya'ya da jikoki da surukai da 'yan rakiyar surukai, kowa da abin da yake kallo. Abin da suka rage shi ne rabon gari. Kowa ya san haka, har awakin bakin kasuwa sun sani, amma a Ana-Kan-Gyara faɗin irin wannan magana rashin tarbiyya ne.

To, a unguwar Sai-Haƙuri akwai wani tsohon magini, Malam Nomau, da matarsa Inna Tabawa. Gidansu da hannunsa ya gina shi, bulo bayan bulo, tun yana da ƙarfin ɗaukar buhun siminti a kafaɗa. Ta gabas ya fitar da ciki da falo, ya shafe su sumul, ya yi musu shuɗin fenti, ya kulle. Na ɗansu ne guda ɗaya tilo, Lurwanu, wanda ya tafi karatu ƙasar masu sanyi, ya yi aure a can, ya haihu a can, bai dawo ba. Duk Juma'a Inna Tabawa sai ta buɗe ɗakunan nan ta share, ta yi turare, ta sake kullewa.

Wata rana Lurwanu ya kira ya ce, "Baba, ni aikina a kwamfuta yake, ko'ina ina iya yin sa muddin akwai sabis. Ranar da muka yi hira ta bidiyo daga sallama har ban kwana ba ta yanke ba, wallahi zan tattaro iyalina in dawo gida."

Kada ku ɗauka a tashi ɗaya maganar ta iso. Gutsure-gutsure ta zo, sai da tsohon ya haɗa ta kamar mai haɗa fasasshiyar tukunya. Da ya gane abin da aka ce masa, sai ya fashe da kuka don murna, ya rantse ko me za a yi sai sabis ya zauna a gidansa.

Ya fara da maganin da kowa ya sani: kashe ka kunna. Ya kashe, ya kunna. Ya kashe, ya yi addu'a, ya kunna. Ya hure wa rautar baya, ya goge ta da hannun riga. Kore dai, garau, amma da Lurwanu ya ce "Assalamu" sai ya daskare, "alaikum" ɗin sai washegari.

Inna Tabawa ta ce, "Malam, wannan abar ta tsufa kamar mu. Je ka sayo yarinya."

Sai ya nufi Kasuwar Sai-Ka-Dawo, rumfar Ɗan'azumi mai rauta. Iri biyu ne a garin, Fara da Baƙa, kuma a kansu gari ya rabu. 'Yan Fara ba sa zuwa sunan 'yan Baƙa, 'yan Baƙa ba sa bin limamin 'yan Fara. Duk bayan 'yan shekaru sai kowa ya fusata da tasa, ya jefar, ya koma ɗayar, a yi ta guɗa ana cewa an samu canji.

Malam Nomau ya ce, "Ɗana, tsakaninka da Allah, wacce ta fi riƙe sabis?"

"Baba, Fara tana ɗaukewa da ladabi. Baƙa kuma tana ɗaukewa da kishin ƙasa."

"A ina ake ƙera su?"

"Gida ɗaya. Da safe a zuba farin fenti, da yamma a zuba baƙi."

Ya ɗauko masa wata mai ƙahoni birjik, kamar an kifar da kaguwa. Malam Nomau ya ɗan taɓa ƙaho ɗaya, sai ga shi ya cire a hannunsa, babu ko zaren waya a ciki.

"Ɗana, wannan ai da gam aka liƙa shi."

"To Baba, da ma ƙaho don aiki ake sa shi? Don kwarjini ne."

Ya saye ta ya kai gida. Kwarjini kam akwai, maƙwabta har leƙowa suke yi. Lurwanu kuwa yana nan a daskare.

Daga nan sai Ofishin Laifinka-Ne, inda ake kai ƙorafin sabis. Aka haɗa shi da Injiniya Cindo, mutum mai fara'a da ƙatuwar hular kwano, wanda bai taɓa zuwa gida ya rasa mai laifi ba. Yana da wata na'urar awo da ke kuka ɗil-ɗil a kan duk abin da aka nuna mata.

Injiniya ya zagaya gidan yana girgiza kai. "Baba, sabis a cike yake, har zuba yake yi. Gidanka ne ke tare shi. Ita rauta tsakiya take so, a sama, babu ƙarfe kusa, babu abin da ya gitta tsakaninku."

Malam Nomau ya sassauta murya. "Ranka ya daɗe, wai na ji ana cewa idan mutanen gidan Mai..."

"Wa ke cewa?"

"Babu kowa."

"Madalla. Mu koma kan laifinka."

Ya nuna na'urar ga kabad ɗin kwanukan Inna Tabawa, ta yi kuka. Aka kwashe kwanukan da ta tara tun na gararta, aka kai gidan ƙanwarta. Ba a samu sauƙi ba. Ya dawo ya nuna ta ga firij, aka fitar da firij. Ya nuna ta ga darbejiyar tsakar gida, aka sare darbejiya. Aka kifa turmi a kan duro a tsakiyar gida, aka ɗora rauta a kai kamar amarya. Lurwanu ya kira, ya kai har "Baba, ya ƙarfin ji..." sannan ya daskare.

Injiniya ya ce, "Ka gani ko? An samu ci gaba. Da a sallama yake tsayawa, yanzu har ya shiga gaisuwa. Saura bango."

"Bango kuma?"

"Baba, wa ya yi maka wannan ginin? Mugun magini ne. Dubi kauri! Ta ina sabis zai wuce?"

Kai jama'a! Mutumin da duk garin aka san shi da cewa ruwa bai taɓa cin gininsa ba, yau shi ne ya sunkuyar da kai yana ba da haƙuri don ya yi aiki mai kyau. Aka fara da bangon kicin. Aka bi da na zaure. Kwanon rufi ƙarfe ne, aka yaye shi. Inna Tabawa ta koma girki a fili, tana fifita wuta tana cewa, "Allah ya isa tsakanina da kaguwar nan."

Labari ya kai Majalisar Mun-Ji-Mun-Gani, ta yi zama na musamman. Wani ɗan majalisa ya tashi ya ce shi da ma ya daɗe yana zargin bangaye, domin duk inda aka yi gulmar hukuma, bayan bango ake yin ta. Aka tafa masa. Aka ayyana bangon talaka a matsayin maƙiyin ci gaba, aka naɗa Sarkin Rusau, aka ba shi mota da mataimaka. Ɗan'azumi ya ture rautoci gefe ya kasa guduma, ita ma Fara da Baƙa. Bulon da aka rushe kuwa ba a bar shi ya lalace ba, mota ke kwashewa zuwa gidan Mai Gari a ƙara wa katangarsa tsawo, wai don kada sabis ya tsiyaye ta baya.

A haka a haka, gidan Malam Nomau ya zama fili fetal. Abin da ya rage a tsaye ciki da falon nan ne masu shuɗin fenti. Injiniya Cindo ya zo ya nuna musu na'ura, ta yi kukan da ba ta taɓa yi ba.

Inna Tabawa ta tsaya a bakin ƙofar ta ware hannuwa. "Malam, wannan kam sai dai a rushe da ni. Idan ya dawo a ina zai kwana? A kan turmi?"

"Tabawa, idan bai dawo ba, wa zai kwana a ciki?"

Ta sauke hannuwa. Ta zauna a ƙasa ta ja mayafi ta rufe fuska. Mataimakan Sarkin Rusau suka matso da guduma, Malam Nomau ya ce kada wanda ya taɓa. Shi ya ɗora kowane bulo, shi zai sauke. Ya yi bisimilla irin wadda ya yi ranar da ya kafa harsashin, ya ɗaga guduma. Ginin ya yi gardama, don ba a yi shi don ya faɗi ba, tsohon kuwa yana duka yana hawaye, zuciyarsa kamar ta tsage. Abin da ke riƙe da shi kawai shi ne fuskar ɗansa.

Ana cikin haka sai kunnen Mai Gari ya fara ƙaiƙayi. Da yake asibitin garin ma ana kan gyara, sai ya tafi ƙasar waje a duba shi, ya kwashi 'ya'ya da jikoki da surukai da 'yan rakiyar surukai su taya shi jinya. Gidan ya zama wayam. Rannan sabis ya ɓalle ya malalo gari kamar an fasa madatsar ruwa. Wayoyin da suka shekara shiru suka kama ƙara, saƙon barka da salla na bara ya iso, wata mata ta samu labarin za a yi mata aiki a asibiti bayan ta riga ta warke da kanta.

Majalisa ta ce rusau ya yi aiki. Injiniya Cindo ya sa sabuwar hular kwano, ya gayyato Sarkin Rusau da 'yan kallo zuwa filin Malam Nomau, a shaida nasara. Aka shimfiɗa wa tsofaffin tabarma a gindin duron, bayan la'asar, waya ta yi ƙara.

"Assalamu alaikum, Baba!"

Sallamar duka ta iso, a haɗe, har da wutsiyarta. Fuskar Lurwanu tar, kamar ka miƙa hannu ka shafa.

"Baba, ikon Allah! Har furfurar gemunka nake gani. Inna, ke ce kika rame haka?"

Suka gaisa, gaisuwa ta ƙare ba ta yanke ba. Aka tambayi dangi gida-gida, na raye da na mace. Aka kawo jikarsu Ikilima, ta yi musu gwaranci, Inna Tabawa tana dariya tana share ido. Hira ta yi tsawo har aka rasa abin faɗa, sabis ko gezau. Malam Nomau ya ji daɗin da bai taɓa ji ba tun da aka haife shi.

Lurwanu ya ce, "Baba, alkawari ya cika. Gobe zan fara haɗa kaya. Juya wayar ka nuna wa Ikilima ɗakinmu, kullum sai na ba ta labarin shuɗin fentin nan."

Malam Nomau ya ƙara matso da wayar kusa da fuskarsa.

"Baba, hancinka kawai nake gani. Ɗan ja da ita baya."

Ya ja ta baya. Wata akuya ta ratsa ta inda falo yake a da, tana tafe tana tauna leda.

"A waje kuke zaune ne? Wancan ba masallacin bayan layinmu ba ne? Ya aka yi nake hango shi daga nan?" Muryarsa ta canza. "Baba, ina gidan?"

Tun da tsohon nan yake, bai taɓa roƙon Allah sabis ya ɗauke ba sai rannan. Ya roƙa a zuci, ya sake roƙa. Ina! Hoto garau, murya garau, har numfashin yaron yana ji.

"Inna, ki yi mini magana. Yaƙi aka yi? Nan kuke so in kawo yarinyar nan?"

Sai Malam Nomau ya miƙa hannu a hankali ta bayan duron, kamar mai sosa ƙafa, ya zare wayar wutar rautar. Fuskar Lurwanu ta daskare, ido waje, baki buɗe. Inna Tabawa ta ga abin da ya yi, ta ja gefen zanenta ta rufe wayar wutar.

Ya ce, "Ya ɗauke."

Injiniya Cindo ya ɓata rai. "Baba, sabis ba ya ɗaukewa. Ashe dai da sauran abin da ke tarewa."

Ya kunna na'urarsa. Ya duba gabas, babu bango. Ya duba yamma, babu bishiya. Ya ɗaga kai, babu rufi. Ya sauke ido a kan tabarma, ya yi wa Sarkin Rusau alama da hannu ya matso, sannan ya durƙusa cikin ladabi.

"Baba, Inna, ku yi haƙuri da tambaya. A cikinku wa ya fi kusa da rautar?"