Ranar da Na Kunna Muryar Inna a Gidan Suna

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan 'yata ta fari ba, kuma ba don rago ko yawan taro ba. Wallahi da ana sayar da mantuwa a kasuwar Funtua, da tuni na je na auno tiya biyu saboda wannan rana kaɗai.

Bari in fara da faɗin laifina. Ni mutum ne mai gyara wa jama'a magana. Hausa nake koyarwa a wata sakandare a Funtua, sai aikin ya riƙa bi na gida, ya bi ni kasuwa, ya bi ni har cikin mota. In ka ce "binkice" a gabana sai in ji kamar ka taka mini ɗan yatsa, ba ni da sukuni sai na ce maka "bincike". Masu ce wa kwalba "kwalaba" da masu ce wa tocila "cocila" duk sun sha fama da ni. Na taɓa gyara wa wani ɗan acaɓa "hetur" muna tsakiyar titi, ya taka birki ya ce in sauka in nemi mai cewa "fetur" ya ƙarasa da ni. (Na sauka ɗin kuwa, na taka har makaranta a ƙafa, ina jin kaina kamar wanda ya dawo daga yaƙi.)

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu. Ƙauyenmu yana bayan Malumfashi, mutanen masara da dawa da auduga. Inna kuwa mai kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunana ba, "wancan" nake, in ta yi mini alfarma ta ce "yayanku". Da aka yaye ni Gwaggo Asabe, yayar babanmu, ta ɗauke ni, a hannunta na tashi. In na shiga ɗakin Inna gaisuwa, sai ta amsa tana kallon bango, ta tashi ta nemi abin yi a tsakar gida. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, haka na taso na ga ana yi. Amma na yi ƙarya in na ce ban taɓa jin kishi ba in na ga ƙannena a kwance kan cinyarta.

Ina da shekara talatin da huɗu mijin ƙanwata Saude ya saya wa matar tasa babbar waya. Gidan aurenta katanga ɗaya da namu, ita ta nuna wa Inna yadda ake danna wuri a yi magana a aika. Nan Inna ta gano abin da ba ta taɓa samu ba: za ta iya yi mini magana ba ta ga fuskata ba, ni ma ban ga tata ba. Duk Juma'a sai ta karɓi wayar ta zagaya bayan rumbu. Saƙo ya zo: masara ta fara goyo, jar akuya ta haifi biyu, taki ya yi tsada bana, ruwa ya ci katangar maƙwabta. Uwata ce fa take hira da ni, karo na farko a duniya.

To me kuke tsammani na yi? Ƙirga kurakurai na zauna yi. Sai in saurari minti ɗaya ko biyu, in ji "Huntuwa", in ji "lantirki", in ja tsaki in ajiye wayar da nufin zan ƙarasa an jima. In dare ya yi in aika mata da "Na ji, Allah ya ƙara lafiya." (Ban ji ba. Ko rabi ban ji ba.)

Saura sati biyu matata Bilki ta haihu wani saƙo ya zo, mai tsawo, ya kai minti shida. Farkonsa labarin tocilarta ce da ta lalace, kuma "cocila" ta fito sau uku a jere. Nan na tsaya.

Ranar suna, bayan an raɗa an watse, wajen azahar na shiga cikin gida gaishe da mata. Tsakar gida cike, dangin Bilki na Funtua a gefe guda, namu na ƙauye a gefe guda, ana ta rabon waina. Ina shiga aka ɗauki tsiya: "Ga angon ƙarni, ga angon ƙarni." Inna tana can kusa da randa kan tabarma, da ganina ta ja mayafi ta juya gefe yadda ta saba.

Na durƙusa gaban Hajiya Balaraba, yayar surukata, ina tambayarta jiki. Ta ce da sauƙi, likita ya yi mata binkice ya ce ba komai.

"Bincike, Hajiya," na ce. (E, a durƙushe. E, ga yayar surukata.)

Mata suka kwashe da dariya. Hajiya ta riƙe haɓa ta ce, "Malam, yau ma ba hutu? Kai dai da gani a nono ka tsotsi gyaran nan."

Da ina da hankali da na yi murmushi na tashi. Amma na ga taro, kuma malami in ya ga taro ba ya iya riƙe bakinsa. Na ce, "Ina fa, Hajiya, ai a gidanmu abin ya fi yawa. Bari ku ji da kunnenku."

Na zaro waya, na ƙure murya, na kunna saƙon nan mai tsawo. Muryar Inna ta cika tsakar gida. Ta ce "cocila", na tsayar na gyara kamar ina gaban allo, aka yi dariya. Na sake kunnawa. Na hango Gwaggo Asabe tana yi mini ido, na ɗauka yabo ne. Da ta ga ban gane ba sai ta ɗauko jaririyar ta danƙa mini, wai ko zan shagala in bar abin. Na ajiye wayar kan turmi na karɓi 'yar da hannu biyu, ban kashe ba.

Labarin tocila ya ƙare. Ana jin kukan kaji a cikin wayar. Sai muryar ta yi ƙasa ta ce, "To, Saude ta tafi ɗebo ruwa, ba kowa."

Sai ta kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, a hankali, kamar mai ɗanɗana abin da ta daɗe tana ajiya.

"Ka ji ko? Lokacin da aka haife ka ma masara na goyo haka. Ranar da Gwaggonka ta tafi da kai, kwana bakwai ban ci abin kirki ba, ban gaya wa kowa ba. In matarka ta sauka lafiya, ka riƙe abin da Allah ya ba ka, ka ɗauka, ka kira sunansa a gaban kowa. Kada ka yi irin tawa."

Saƙon ya ƙare. Ina tsaye da jaririya a hannu, ba halin in rufe fuska. Shekara talatin da huɗu ina jiran in ji sunana a bakin matar nan, sai ga shi na ji tare da mata sun fi talatin, rabinsu surukai, wasu da waina a baki.

Wata tsohuwa ta so ta gyara zancen da wasa, ta ce, "Ashe dai ana hira da ɗan fari a ɓoye." Ba wanda ya taya ta. Inna ta miƙe, ta laluba takalminta ba ta ɗago kai ba, ta fita. Kafin la'asar ta shiga motar Malumfashi, ko naman suna ba ta taɓa ba.

Gwaggo ta karɓi 'yar daga hannuna, ta ja ni zaure. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Sati uku ke nan kullum tana tambayar Saude ko ka ce wani abu a kan saƙon nan."

"Gwaggo, wallahi ban kai ƙarshensa ba."

"Ai ka kai yau," in ji ta, "har da shaidu."

Washegari na bi ta ƙauye. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta na ba da haƙuri, na yi ta zuba, ni da nake taƙama da iya magana har kalmomi suka ƙare mini. Tana tankaɗe, ba ta fasa ba. Da na yi shiru ta ce, ba ta kalle ni ba, "Ba komai, Allah ya raya." Na san ta yafe, Inna ba ta riƙo. Kunya ce na tona mata a gaban surukai, ita kuwa kunya ba yafe ta ake yi ba, in an tona ta komawa take ta ƙara ɓuya.

'Yata yanzu tana shekara uku. Ina ɗaukarta a kafaɗa har bakin titi, ina kiran sunanta da ƙarfi, tsofaffin unguwa na cewa malamin nan ba shi da ta ido. Saƙo kuwa har yau yana zuwa ranar Juma'a, amma muryar Saude ce: Inna ta ce a gaishe ku, an gama girbi lafiya. Ina kewar muryar nan, kewa mai tsanani, kuma matar tana nan da ranta, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci tsakaninmu.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, ɗan aji ɗaya ma ya san shi: in mutum yana yi maka magana, ka bari ya gama. Yanzu duk wanda ya aiko mini da saƙon murya, ko mai tallar maganin basir ne, sai na saurara har ya yanke. Saude ta ce kwanan baya Inna ta karɓi wayar ta juya ta a hannu, ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙa mata. Na ce wa Saude ta ci gaba da barin wayar kusa da Inna, kuma ranar Juma'a ta riƙa daɗewa a rijiya.