Gemun Jatau da Zamanin Ƙanƙara

Wani mutum ne a Funtuwa, Jatau, mai gemu kamar tsintsiya, yana ji da shi fiye da 'ya'yansa. Sati biyu kacal ya yi yana tuƙa malaman jami'a masu binciken yanayi, ya dawo ya hana kowa sakat.

"Ku jahilai ne!" in ji shi a majalisa. "Duniyar nan ƙanƙara ke rufe ta shekara dubbai, ta narke, a ɗan sha ɗumi, ta sake dawowa. Yanzu hutu muke ciki. In ta dawo, kaf za ku sandare. Ni kaɗai zan rage, don na horar da jikina."

Illo wanzami ya ce, "Ai sai mu gani. Ga ɗakin sanyin Hajiya Kuluwa mai kifi. Shiga ka yi rabin awa. In ka kasa, na aske gemun nan ƙwal."

"Rabin awa? Raini ke nan! Awa guda!"

Bakinsa ya faɗa, amma mutumin nan ko ruwan randa ba ya iya wanka da shi. Washegari ya zo cikin babbar riga, ya ɓoye gwangwani cike da garwashi a ƙarƙashinta. Ya ɗaga wa jama'a hannu, aka rufe ƙofa garam!

Minti biyar, haƙora suka fara kaf-kaf-kaf. Ya fiddo gwangwani, garwashi na neman mutuwa. Ya durƙusa, ya kai baki, fuu! fuu! Wuta ta ce fau, ta cafke gemu.

"Wayyo Allah! Ku buɗe! Ku buɗe!"

Hajiya ta leƙa ta ce, "Malam Jatau, saura minti hamsin da biyar fa."

"Hajiya, don girman Allah!"

Aka buɗe. Ya faɗo waje yana mammarin fuskarsa, hayaƙi na tashi, ƙauri ya cika layi, gwangwani na gangarowa a bayansa ƙwaram-ƙwaram.

Hajiya ta riƙe baki. "Ikon Allah! Shekara goma ina sa kifi a ɗakin nan, ban taɓa ganin wanda ya fito a gashe ba."

Illo ya matso da askarsa, ya dubi haɓar ta dama, ya dubi ta hagu, ya mayar da askar cikin zabira.

"Haba Jatau! Ko silin gashi ɗaya ba ka bar mini ba?"