Yadda Na Ceci Bokitin Dona Zulmira Daga Hukuma

Jama'a, ranar Talatar makon jiya na kashe abin da ya girme ni da shekara ashirin, kuma a cikin ƙaramar bas ɗina na kashe shi, tagogi a rufe. Tun ranar matata Nair ta daina kiran sunana. Sai dai in ji, "Mai dabara, abinci ya sauka."

Kun san sana'ata. Ina kwaso 'yan birni daga São Paulo in zaga da su gonakin tsaunin Canastra, su ga yadda ake cuku, su ɗanɗana, su ɗauki hoto da saniya kamar sun haɗu da 'yar uwa. Gonar da ke riƙe da tukunyar gidana ita ce ta Dona Zulmira, saboda pingo ɗinta, ruwan nan da ke ɗiga daga cukun jiya a tara a bokiti, a zuba cikin madarar yau. Nata daga hannun mahaifiyarta ya fito, shekara saba'in bai yanke ko kwana ɗaya ba. Sau uku a mako nake tsayawa gaban baƙi ina ba da labarinsa, har da rawar murya.

Shekara biyu ke nan ina bin takardar izinin kai baƙi gonaki. Ba ƙorafi nake ba, manyanmu suna ƙoƙari. Ba su suka buɗe mana Hanyar Cuku ba? Sun kafa allo mai faɗin ɗaki, sun yanka ƙyalle, sun raba cukun kamfani a leda. Hanyar ce kawai ba su samu damar gyarawa ba, amma allon yana nan, in motarka ta maƙale a laka kana iya fakewa a inuwarsa.

Sai ga saƙo daga hukuma: Ranka ya daɗe Babban Mai Leƙa Bokitai zai zo gonar Dona ranar Talata ƙarfe takwas, kada a taɓa madara sai ya iso. Bara wannan bawan Allah ya rufe ɗakin cukun wani mutum wata guda, ya rubuta cewa ya ga "ruwa marar suna a buɗaɗɗen mazubi." Wane ruwa kuma in ba pingo ba?

Ƙarfe bakwai ina gonar. Dona tana wurin tatsa. Na lallaɓa ɗakin cuku, na ɗauki bokitin, na tura shi ƙarƙashin kujerar baya ta bas ɗina, na rufe tagogi saboda ƙuda. Ban gaya mata ba, don na san halinta. Na ma yaba wa kaina, wallahi. Awa ɗaya ce ai, ya duba ya tafi.

Takwas ta yi, goma ta yi. Muka sha kofi, muka ci burodin cuku, muka sake shan kofi. Rana ta take tsaka.

"Valdivino," in ji Dona, "mutumin naka ya san madara ba ta karanta takarda?"

"Yana hanya, Dona."

"Wace hanyar? Ta allo?"

Na yi dariya har da buga cinya, na manta da bokitin da ke dahuwa a motata.

Ƙarfe uku sai ga shi a sabuwar mota, mutum ɗaya riƙe da jakarsa, wani riƙe da hularsa. Ya ba da haƙuri, wai an riƙe su a taron bita kan kiyaye lokaci. Ko ɗakin bai shiga ba ya ce, "Dona, ina pingon? Takarda ta sauko daga sama watan jiya. Yanzu pingo gadon al'umma ne, gonar da ke da na gado ita za mu sa a jerin baƙi."

Dona ta shiga ɗaki, ta fito hannu wayam. Ba ta tambayi kowa ba, ni ta kalla.

Da na buɗe ƙofar bas, warin da ya fito ya kori har kajin da ke kiwo a wurin. Ta tsoma yatsa, ta sansana. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Ɗan nan, ba kai kake gaya wa baƙi cewa abu ne mai rai ba?"

Mai girma kuwa ya toshe hanci, ya leƙa daga nesa, ya ce madalla, ƙamshin gado ke nan. Ya sa aka ɗauki hoto, ya rubuta "akwai," ya tafi. Yana juya baya ta juye bokitin ga aladu, tare da madarar ranar.

Washegari da safe ta miƙo mini kwalba, ta ce in je wurin maƙwabcinta Seu Onofre, kuma da ƙafa, ba ta yarda da motata ba. A nan ba a hana pingo, ba a kuma sayar da shi, amma ba a hana mutum dariya ba.

"Zulmira ce ke aron pingo?" in ji Onofre. "Gobara aka yi?"

"A'a, Seu Onofre. Taimako na yi."

"To ka rufa mini asiri, in ka ga ina cikin matsala, ka wuce kawai."

Jiya Dona ta yanka sabon cukun, ta tauna a hankali. Na ce ya yi daɗi ko? Ta ce, "Ya yi. Na Onofre ne." A hanyar komawa na tsayar da bas na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Takardar izinina dai har yau tana kan teburin wani. Amma katin gayyata ya iso cikin kwana huɗu, mai ruwan zinariya: wata mai zuwa za a karrama Dona Zulmira saboda riƙon pingo na shekara saba'in ba yankewa. Na tambaye ta ko za ta gaya musu gaskiya. Ta ce ita ba ta da ƙafar hawa dandamali, ni zan hau in karɓa a madadinta, in kuma yi jawabi, tunda na iya rawar murya.