Ƙafar Baba Idi

Ba zan taɓa mantawa da walimar sunan ɗan Kawu Sale a unguwar Sharafiyya ba, ko da kuwa na so in manta.

A lokacin shekarata shida ke nan ina aiki a motar ɗaukar marasa lafiya, ga takardun shiga makaranta biyu a hannuna. Ɗaya ta likitancin asibiti, ɗayar ta ostiyofati, wato inda ake koyon gyaran jiki da hannu, a murza gaɓɓai a daidaita ƙashi. Umma ta kafe a kan na asibiti. Ni kuwa zuciyata na can, don kakana maɗori ne, na kuma yanke wa kaina hukunci cewa na yi gado (ban taɓa ganin mutumin ba). Kawu ne zai raba gardamar, ya ce bayan walima.

Ana cikin cin kabsa, dafa-dukan shinkafa irin na Larabawa, sai Baba Idi, wani dattijo da ya ƙare ƙarfinsa a aikin tashar jiragen ruwa, ya yunƙura zai tashi, ya koma ya zauna yana cije baki. "Gwiwar nan," ya ce.

Na tsame hannu daga shinkafa. Allah ya kawo ni gaban Kawu da hujja.

A bakin aiki, abu na farko shi ne ka tambayi mara lafiya, ka duba, sannan ka taɓa. Na koya wa sababbin ma'aikata wannan ba adadi. Ranar kuwa na durƙusa na cafki ƙafar hagu ta saman wando da safa. Na ji ta ƙam kamar taɓarya.

"Subhanallahi, Baba, jijiyoyin sun sandare. Jini ma ba ya gudu."

"Ɗana, ai wannan..."

"Halas, shi ke nan, Baba, saki jikinka kawai."

Har da juyawa na yi wa jama'a bayani, Kawu na gyaɗa kai. Na murza, na lanƙwasa, na ce bismillah, na finciko.

Ƙafar ta biyo ni.

Na faɗa da baya cikin tiren kabsa, rungume da ƙafar roba har da safarta. Wallahi na ɗan lokaci na ɗauka ni na cire ta, har na fara neman inda zan danne jini.

Baba Idi ya miƙo hannu. "Ba ni kayata. Ta gaskiyar tana tasha tun kafin a haife ka. Ta dama ce ke ciwo."

Kawu ya yi dariya har ya shaƙe, ni ɗin dai na bubbuga masa baya. Da ya dawo hayyacinsa ya ce, "Ka bi maganar uwarka."

Yanzu ina aji uku a likitancin asibiti. Ba laifin ostiyofati ba ne, su ma sai sun tambaya suke taɓawa. Ni dai tun daga ranar, ko ciwon kai mutum ya kawo, sai na ce, "Duk abin da ke jikinka naka ne?"