Sarakuna Uku da Daddawar Sallah

Ni dai ban taɓa zama a aji ba, amma a wasan karta na foka babu macen da ta kai ni karanta fuska. Lokacin maigidana yana tuƙi a ofishin jakadanci a Alƙahira, mu matan ma'aikata mukan taru a unguwar Muhandisin duk Alhamis da la'asar. Ba ma sa kuɗi, kada a ce caca muke yi. Kayan miyan da aka aiko mana daga gida muke zubawa.

Ran nan sarakuna uku suka faɗo hannuna. Sai Maman Talatu, matar kukun jakada, ta turo gwangwanin kukarta gaba ɗaya. Matar nan fa takan yi wata tana ajiye karta, ko ƙwayar barkono ba ta kasada da ita. Kowa ta janye. Ƙawata Binta ta taka min ƙafa: "Yaya, khalas, ya isa, ajiye."

Na ce, "Ni? Da sarakuna uku?" Na ciro ƙullin daddawata ta Kano, wadda na yi wa maigida alkawarin miyar Sallah da ita, na dire.

Maman Talatu ta shimfiɗa kartarta a hankali, biyar reras iri ɗaya, suka binne sarakunana. Ta ce, "Ma'alish, Yaya, yi haƙuri," tana shinshina ƙullin.

Ranar Sallah lami muka sha miyar. Maigida cokalinsa kawai yake juyawa a kwano. Har yau in na kira Binta a waya, kafin ta amsa sallama sai ta ce, "Uwar sarakuna, an samu daddawa?"