Tunau da Kifin Bahar Maliya

A garin Gangaren Maje an yi wani mutum, Tunau, wanda in ka ce masa ya jira ka a gindin bishiya ka manta, to damina za ta same shi a wurin. Shi da matarsa Yalwa da tsohuwarsa Iya Dije suna zaune ne a gidan wansa, Alhaji Nadabo, wanda ya daɗe yana aikin jirgin ruwa a Bahar Maliya. Da Alhaji ya dawo gida, sai ya zo da wani mummunan kifi kamar curin dutse, cikin akwatin gilashi mai ruwan gishiri, da ɗan injin lantarki mai hura masa iska. Irin kifin nan ne da ke lafewa cikin duwatsun teku, ya wuni bai kaɗa ko jela ba. Alhaji ya danƙa wa Tunau kula da shi, ya ce, "Ka ɓatar mini da awaki, ka ƙona mini rumbu, na yi haƙuri. In kifin nan ya mutu, ka nemi wani gidan."

Wata rana Alhaji ya ce, "Ba ya son a riƙa motsi kusa da shi." Nan take Tunau ya ƙame a gaban akwatin. Da azahar Iya ta leƙo, ta ga ƙuda na yawo a kan idonsa bai ƙifta ba. Ta kira shi, shiru. Ta ɗora hannu a ka ta ce, "Innalillahi! Tunau ya mutu a tsaye!" Maƙwabta suka cika gidan, ana ta salati. Can sai gawar ta ce ta tsakanin haƙora, "Iya, ku yi kukan a hankali, kuna motsi." Mutane suka watse a guje.

Wata rana kuma Alhaji ya ce, "Ka kula da shi kamar yadda kake kula da Iya." Washegari Yalwa ta tarar da mijinta ya durƙusa ya gaida kifi, ya ɗaga kwanon kunu zai juye a akwatin. Ta fizge kwanon.

"Na shiga uku! Malam, me zan gani?"

"Ai Iya da kunu take karyawa. Ƙafafunsa ne ban gano ba, da na shafa masa man zafi."

Wata rana tafiyar kwanaki ta kama Alhaji, ya ce, "In ya ji yunwa, ka jefa masa jatan lande." Bai daɗe da fita ba guguwa ta kayar da turakun lantarki, injin iska ya tsaya. Kullum da safe Tunau sai ya manna hanci a gilashi ya ce, "Kana jin yunwa?" Kifi bai ce komai ba, shi kuwa ya mayar da jatan lande. Yalwa ta yi magiya ya ba kifin abinci har ta gaji, ta shiga ɗaure kayansu tana kuka.

Da Alhaji ya dawo ya ji babu wuta, kuma ba a ba kifi ko ƙwaya ba, sai ya zauna daɓas a ƙasa. Da ƙyar ya rarrafa ya leƙa akwatin. Kifi ya juyo da ido ɗaya ya dube shi.

Alhaji ya ce, "Allahu Akbar! Yana da rai! Da ka ciyar da shi, narkar da abincin zai ƙarar da 'yar iskar da ta rage a ruwan. Zama da yunwar ne ya cece shi. Tunau, wa ya koya maka?"

"Shi ne, Yaya. Na tambaye shi ya yi shiru. Ni kuwa ban taɓa jin yunwa na yi shiru ba."

Alhaji ya dubi ƙanensa. Sa'an nan ya juya ya ce, "Yalwa, kwance kayan nan, ki ɗora wa mijinki tuwo."