Ranar Da Na Zama Masanin Inabi

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren abokina Bashir ba, a nan unguwar Magajin Gari, domin ranar ce bakina ya ja mini abin da har yau ake tsokanata da shi a Birnin Gwari.

Lokacin ban daɗe da dawowa daga Abuja ba, inda na yi wata huɗu ina kai wa baƙi abinci a wani otal. (A gida dai cewa na yi ni manajan ɓangare ne.) A can na ga yadda masu kuɗi ke shan ruwan inabi: a juya kofi, a shinshina, a kurɓa kaɗan, a lumshe ido. Ban taɓa ɗanɗanawa ba, amma na haddace motsin tsaf.

Ga shi kuma ina neman auren Hadiza, ƙanwar ango, babban wansu Yaya Sani kuwa kallon marar abin yi yake mini. Na ƙudura ranar sai na burge shi.

Bayan la'asar muna zaune a rumfa aka kawo kwalabe masu dogon wuya, irin na jan ruwan inabin nan marar giya. Aka zuba mana a kofunan roba. Kowa ya kafa kai ya sha abinsa. Ni kuwa na ɗaga kofina sama, na juya shi (har ya ɗiga a farar shaddata, na yi kamar ban gani ba), na shinshina, na kurɓa, na lumshe ido.

Yaya Sani ya ce, "Kai kuma lafiya?"

Na gyara zama. "Yaya, ai wannan ba gama-garin inabi ba ne. Wani iri ne da ba kowa ya san shi ba, mai ƙananan 'ya'ya, a gefen tsauni yake fitowa a ƙasar Sifen. Sunansa ma wuyar faɗa gare shi." (Dole ya yi wuya, tunda ban san shi ba.) "Kun ji ɗan yaji-yajin nan a maƙogwaro? Alamar ya daɗe a ajiye ke nan."

Baba Danjuma, wani dattijo manomi da ya zo daga Kusasu, ya leƙa kofinsa ya ce, "To, ni dai ɗana, kamar zoɓo nake ji."

Da na yi shiru nan, da na tsira. Ina! Sai na kwashe da dariya.

"Haba Baba! Zoɓo? Wannan jiƙe-jiƙen da ake yi a bokiti? Ni rabona da zoɓo tun ina firamare, harshena ya wuce nan."

Sai na ji sallama a bayana. Hadiza ce, da bokiti a hannu ɗaya, mazurari a ɗayan. Ba ta ko dube ni ba.

"Yaya, Inna ta ce a ba ni kwalaben in sake cikawa. Ta ce ku yi haƙuri, cittar ta ɗan yi yawa."

Wallahi Baba Danjuma ya yi dariya har ya ƙware, sai da aka bubbuga masa baya. Yaya Sani bai yi dariya ba, wanda ya fi ciwo. Ya karɓi bokitin, ya cika mini kofi har baki, ya ce, "Sha, manaja. Na Sifen ne, Inna ce ta je ta tsinko."

Na shanye tas, idona a ƙasa. Kafin magariba labari ya kai cikin gida. Washegari na je gaishe da Inna, na durƙusa zan ba ta haƙuri. Ta ce, "Ka kwantar da hankalinka. Shekara talatin ina dafa zoɓo, ba wanda ya taɓa rufe ido don daɗinsa sai kai."

An dai ba ni Hadiza daga baya, ina jin don tausayi. Tun daga ranar, in aka miƙo mini abin sha, bismilla nake yi in shanye, in ce an gode. In ka ji na yi sharhi, to an tambaye ni sau uku, kuma na riga na leƙa kicin.